Tsakin Goggo Vashti

Breadnut Gap, St. Elizabeth, Jamaika
Agusta, 1958

Zuwa ga ƙanena Uriah,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya karatu, yaya zaman ƙasar Turawa? Mu nan lafiya lau, sai abin da ba a rasa ba. Kumburin ƙafata ya sace, baƙar akuyar nan ta haifi tagwaye, doya kuma ta yi kyau bana.

Bayan haka, sai haƙuri. Goggo Vashti ta riga mu gidan gaskiya. Da tsakar rana ne, na kai mata miyar wake tana zaune a kujerarta ta baranda. Ta ɗanɗana, ta ja tsakin nan nata mai tsawo, ta ce, "Ke Adina, wannan miya ce ko ruwan da aka wanke..." Sai ta ja numfashi. Ni kuwa na tsaya da cokali a hannu ina jiran saura, don ka san idan ta ja numfashi to yanzu aka fara. Na daɗe a tsaye kafin na gane babu sauran da zai zo. Mun binne ta a bayan gida, gindin mangwaro, kusa da mijinta, wanda na tabbata bai yi murnar ganinta ba.

Ba ta haife ni ba, ba ta haife ka ba. Ni 'yar ƙanenta ce, kai kuwa har yau idan aka ce in warware yadda mahaifiyarka ta haɗa jini da ita sai in ɓata a hanya. Amma a gidanta muka tashi mu biyu, shi ya sa ban yarda wani ya riga ni gaya maka ba.

Daren tara da rasuwa, daren da ake sallamar mamaci, ya yi jama'a. An ci farfesun akuya da soyayyen kifi da wainar rogo, an sha kofi da giyar rake, an yi waƙoƙin coci har maƙogwaro ya dushe. Da aka zo kan faɗa, Dikin Barnabas, dattijon cocinmu, ya buga tebur ya ce, kamar yadda aka saba, duk mai jin haushin mamaciya ya tashi ya amayar mata da shi, ta san an gama da ita ta kama hanyarta. Ka tuna lokacin da Maas Cephas ya mutu, matarsa ta yi ta zazzaga masa har sai da aka riƙe ta ana ba ta haƙuri? To Cephas bai taɓa waiwayowa ba.

Amma na Goggo, aka yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke. Kowa ya zuba wa kujerarta ido. Dikin ya ce, "Haba jama'a, matar da ba ta bar kowa ya sha ruwa a garin nan ba? Ni kaina ta taɓa ce mini kan tulu a gaban fasto." Aka yi 'yar dariya, amma shi ma bai ƙara ba. Can Sista Ethlyn ta miƙe, murya na rawa, ta ce, "Miss Vashti mace ce mai sanyin hali." Ethlyn fa, wadda Goggo ta taɓa bi da tsintsiya har bakin coci! Daga nan kowa ya tashi sai yabo. Aka turo ni gaba, wai ni na fi kowa shan faɗanta. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Goggo, ki huta lafiya."

Aka jingine katifarta a bango, aka share ɗakin zuwa waje, yadda ake yi don kada mamaci ya dawo. Ana cikin haka muka ji tsaki daga ciki. Dikin ya ce gyare ne. Ni dai ban taɓa jin gyaren da ke ja wa tsaki wutsiya haka ba.

Abin daɗi ɗaya, Maas Eustace kafinta, wanda ya gaji da jiran in gama jinya, ya ce a ɗaura mana aure da Kirsimeti. Yana gaishe ka.

Yayarka,
Adina


Hull, Ingila
Satumba, 1958

Yaya Adina,

Na sami wasiƙarki. Ina lafiya, sai 'yar mura, don rani a nan leƙe yake yi ya koma. Allah ya jiƙan Goggo, ya ba mu haƙuri. Ke kuma sannu da ƙoƙari, kin yi abin da 'yar ciki ma ba kowace za ta yi ba. Ki gaya wa Maas Eustace na ce ya yi sa'a.

Maganar tsaki kuwa, haba Yaya. Gida ne na katako da kwano, idan ya sha rana dole ya yi ƙara yana hucewa. Kunnen da ya shekara talatin yana jin abu ba ya dainawa rana ɗaya.

Bari in ba ki abin da zai sa ki dariya. A kwalejin horon malamai da nake, akwai wani dattijo da ke koya mana tarihin harshe. Makon jiya ya ɗauko kalmar nan tamu ta yi wa mutum faɗa, scold, wadda fasto ya riƙa jifan Goggo da ita a wa'azi ba tare da ya kama suna ba. Ashe da farko sunan mutum ce, daga baya ta zama sunan abin da mutumin ke yi. Masana sun fi zaton daga mutanen arewa ta zo, masu jiragen ruwa da suka riƙa sauka a gaɓar nan da nake zaune kimanin shekara dubu da ta wuce. A harshensu skald shi ne mawaƙin fada. Shi ke yi wa sarki kirari, shi ne kuma ke yi wa wanda ya ga dama zambo, zambon da aka ji tsoronsa har aka kafa doka a kansa. Da kalmar ta zauna a Ingila sai yabon ya zube a hanya, zagin kawai ya iso, aka laƙaba ta wa mace mai baki. An yi zamanin da ake ɗaure irin waɗannan mata a kujera a tsoma su a kogi, wasu a sa musu linzamin ƙarfe. Na ga linzamin da idona a gidan tarihi. Na tsaya ina auna shi da kan Goggo, na ga da ita ce, maƙerin ne zai fara gudu.

Ke nan ba masifaffiya muka binne ba, mawaƙiyar fada ce da ta zo ƙasar da babu sarki.

Ko da ina can ranar, da ban taimake ku da komai ba. Kin san ni ne ɗan lelen gidan. Tun ranar da aka kawo ni ina ɗan shekara shida har na hau jirgi, Goggo ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. Ke a kwanon sha kike cin abinci, ni a farantin tangaran na baƙi. Ke "shashasha", ni "Mista Uriah". Sai ki yi haƙuri, haka Allah ya raba.

Ki riƙa fita cikin mutane, kada ki zauna ke kaɗai kina sauraren kwano.

Ƙanenki,
Uriah


Breadnut Gap
Oktoba, 1958

Uriah,

Gaisuwa da fatan murar ta sake ka. Ka riƙa shan citta. Ni lafiyata ƙalau, abinci ne dai ba ya shiga sosai.

Na yi dariyar linzamin, na kuma karanta wa Eustace. Amma ka ce kwano ne, to ka gaya mini ko kaji ma sun san kwano. Da rana ta take, duk kajin da ke baranda sai su yi shiru su sauka ɗaya bayan ɗaya, yadda suke yi in sun ga ta fito. Karen nan yana kwance a kan matakala, sai ya tashi ya matsa gefe, ya bi wani abu da ido har kan kujera, sannan ya koma ya kwanta. Ba dare ba fa, rana ƙwal, ana jin 'yan makaranta suna karatu daga can ƙasan tudu.

Wannan duk da sauƙi. Shekaranjiya Eustace ya kawo katakon gadonmu ya nuna mini, yana ta washe baki. Na ga aikin ya yi kyau, na yi niyyar in ce masa sannu. Sai na ji bakina yana cewa, "Eustace, wannan gado ne ko makara? Haka ubanka ya yi wa Cephas ƙofa, ido ɗaya a katako ɗaya a kwalba, har ƙofar ta faɗo wa jaki." Uriah, ban san ubansa ba. Ya mutu ba a haife ni ba. Eustace ya ajiye katakon a hankali ya ce, "Wa ya ba ki labarin jakin?" Na ce ban sani ba. Bai sha ruwan da na kawo masa ba.

Ruwa ba ya tsami banza. Ina ganin rashin faɗan nan ne. Bari in yi sauri, inuwa ta gama shigewa ƙarƙashin mangwaro, ga kajin nan sun fara

Garin banza garin wofi. An tara su an ba su akuya sun cinye, a ce su buɗe baki su faɗi gaskiya sun kasa. Barnabas mai kan tulu, shi ne dikin! Ethlyn kuma wai sanyin hali, munafuka, ta je ta wanke ɗankwalinta tukuna. An jingine wa mutum katifa kamar ta mai fitsarin kwance, an share ɗaki an bar ƙura a bayan ƙofa. Kofi ya nuna a gona ba mai tsinka, sai zancen aure, aure, kamar a kansu aka fara.

Amma kai, Mista Uriah, mun gode da ilimin da ka aiko mana. Muna fata ba mu dame ka ba. Kada ka wahalar da kanka da al'amuran gidan nan. Baƙo ba ya laifi.


Hull
Nuwamba, 1958

Adina,

Ina lafiya, ina fata kina lafiya.

Na ga wasiƙarki wadda ko suna ba ki sa a ƙarshenta ba. Kin iya kwaikwayo, ban san kin ƙware haka ba. Idan zancen kalmar ne ya ɓata miki rai, da sai ki ce in daina. Amma a duk maganganun duniya ki rasa wadda za ki jefe ni da ita sai wannan? Kina wurin ranar da aka fara gaya mini ita, kin kuma ga fuskata.

Tun da baƙo ne ni, ai baƙo ya san ƙofa. Allah ya sanya alheri a auren.

Uriah


Breadnut Gap
Janairu, 1959

Ƙanena Uriah,

Ina gaishe ka, ko ka amsa ko kada ka amsa. Na rubuta maka sau biyu kafin Kirsimeti, shiru kake ji. Ban san abin da ke cikin waɗancan ba, don da rana na rubuta su, wataƙila gara da ba ka amsa ba. Wannan da sassafe nake rubuta ta, raɓa ba ta bushe ba, saboda ka tabbata ni ce.

Allah shaida, ban san na rubuta maka waccan magana ba. Abin da na tuna, ina zancen kaji, sai na tsinci kaina a kan kujerar baranda da ɗankwalinta a kaina, takardar kuma a liƙe. Yaushe na taɓa ce maka Mista? Ni da na goya ka ranar da ƙaya ta soke ka a gonar rake?

Ba a yi auren ba. Eustace bai janye ba, amma ya ce, "Adina, ina sonki har raina, sai dai ba zan iya auren mata biyu ba, ɗaya kuma ta girmi uwata." Ya yi dariya, idonsa na kawo ruwa. Yanzu da safe kawai yake zuwa, ya tsaya a bakin shinge.

Abin gaba yake yi. Da farko tsakar rana ce kaɗai, yanzu sai rana ta yi sanyi nake dawowa. Ƙafata ta hagu ta fara ja irin tata. Na tarar an dasa barkono a inda ni ba zan dasa ba. Yara idan sun hango ni sai su sake hanya, suna cewa "Ina wuni, Miss Vashti," ba kuma tsokana suke yi ba. Tsorona shi ne ranar da zan farka da safe in tarar ta riga ni tashi.

Ba zama muka yi ba. Fasto ya yi addu'a, da rana ta yi aka ce na gaya masa wa'azinsa ya fi igiyar shanya tsawo. Dikin ya tara mutane a bakin kabari don a rama faɗan da ba a yi ba. Ethlyn ta fara da ƙarfinta: "Vashti, ke muguwa ce, kin kore ni da tsintsiya daga wurin mutumin da nake so!" Sai ta tuna yadda mutumin ya ƙare da matar da ya aura, ta fashe da kuka tana godiya. Haka kowa. Duk wanda ya ɗauko haushinsa, in ya juya shi sai ya ga alheri a bayansa. Ni kuwa ina isa gindin mangwaron harshena ya zama nata.

Dikin ya ce faɗan da aka yi don magani ba faɗa ba ne, ta fi kowa sanin na gaske. Sai an sami wanda ta yi wa abin da har yau yake ci masa rai. Mun bi gari gida gida, babu.

Na san kai ba abin da za ka iya, tun da kai ba ta taɓa yi maka komai ba. Ba taimako nake nema ba. Ina so ne, idan wata wasiƙa ta sake zuwa da hannuna amma ba muryata ba, ka san yayarka ba ta taɓa kiranka baƙo ba.

Adina


Hull
Janairu, 1959

Yaya Adina,

Ki yafe mini. Na buɗe wasiƙunki biyu da na jefa cikin akwati ban karanta ba. Ba ke ba ce. Ko yadda ake jan wutsiyar haruffan ba naki ba ne. Lafiyata lau, tawa ba ita ce abin tambaya ba yanzu.

Kin ce ba ta taɓa yi mini komai ba. Haka ne, kuma shi ne abin. Tun da na karanta wasiƙarki nake tunanin mawaƙan nan na arewa. A fada irin wannan, wanda aka yi wa kirari ya sami girma, wanda aka yi wa zambo ya sha kunya, amma dukansu an san da su. Akwai na uku, wanda mawaƙi ya zo kansa ya rusuna masa da ladabi ya wuce.

Kada ki karanta takardar da ke ƙasa da kanki. Ki ba Maas Eustace. Ya tsaya a bakin kabari da tsakar rana, kina wurin, ya karanta da ƙarfi yadda ake yi wa kurma magana, kada ya tausasa ko kalma ɗaya.

Ke Vashti! Yau babu Goggo. Ni ne Uriah ɗan Zilpha, ki buɗe kunnenki.

Ke wace irin mace ce? An kawo miki yaro ɗan shekara shida da kayansa a ƙullin zane, uwarsa ta hau jirgin Kuba ba ta dawo ba. Kin zagi kaza, kin zagi kare, kin zagi fasto, kin zagi ruwan sama don ya sauka kina shanya. Ni kaɗai kika rasa abin ce mini. Ina zaune a tebur da farantin tangaran kamar mai karɓar haraji, ina jin ki a madafa kina ce wa Adina shashasha, ina haɗiye abinci da ƙyar don kishi. Kin san yaro zai iya kishin zagi? Ni na yi.

Kin tuna butar shayinki mai zanen fure, wadda ba mai taɓawa? A gabanki na ɗauke ta, ina kallon idonki, na sake ta a ƙasa. Na rufe ido ina jira, zuciyata na tsalle don murna, na ce yau dai za a yi mini. Kika ɗauko tsintsiya kika share, kika ce, "Ba komai, Mista Uriah. Baƙo ba ya laifi." Da kin fasa mini kai da ya fi mini sauƙi.

Ranar da zan tafi kin yi wa direban motar Kingston faɗa, kin yi wa Adina faɗa don tana kuka, ni kika miƙo mini hannu muka gaisa. Na yi ta gaya wa mutane ni ɗan lele ne, don ban san wani sunan da zan ba abin ba.

Marowaciya! Kin raba wa duk gari abin da kike da shi, kin hana maraya. Yanzu kuma kin mutu ba ki da kunya, kin zo kin zauna a jikin yarinyar da ta wanke ki ta ciyar da ke, kina cinye mata rana, kina kore mata miji. Tsohuwar banza mai taurin kai! Fita daga jikinta. In faɗa ne bai ishe ki ba, ga wanda kika bari bai samu ba. Ki zo ki yi mini, in kin isa.

Shi ke nan, Yaya. 

Uriah


Breadnut Gap
Fabrairu, 1959

Ƙanena,

Gaisuwa mai tarin yawa. Duba ka ga, da tsakar rana nake rubuta maka wannan, ga kaji sun cika baranda suna ɓata mini ita, ban taɓa jin daɗin kashin kaza irin na yau ba. Ƙafata ta miƙe. Ina cin abinci kamar mai huce haushi.

Abin da ya faru, daga bakin Eustace da Dikin na ji, don ni ba na nan. Eustace ya sa kwat ɗinsa na zuwa coci, wai ba zai zagi Miss Vashti da kayan aiki ba. Suka tarar da ni a kujera, suka ce in zo bayan gida. Aka ce na bi su ina jan ƙafa ina ce musu marasa aikin yi. Ya fara karatu murya na karkarwa, Dikin ya zungure shi ya ce, "Da ƙarfi, malam, ba wasiƙar soyayya ba ce." Da ya kai kan butar shayi, sai aka ga na yi shiru. Dikin ya ce tun da yake bai taɓa ganin an yi magana Vashti ta saurara ba.

Da ya gama, wai na gyara ɗankwali. Sannan na ce, da muryarta:

"Zilpha ce. Ta zo mini da yaron, kunnenta ɗaya ya mutu saboda ihu da marin ubansa. Yaron ko murfin tukunya ya faɗi sai ya shige ƙarƙashin tebur. Ta sa na ɗora hannu a kan Littafi na rantse ba zan taɓa ɗaga masa murya ba. To ni wace murya gare ni in ba wannan ba? In na buɗe baki in ce masa wani abu, sai in ji faɗa ne ke tahowa, in haɗiye. Na rasa yadda ake yi wa yaro magana, sai na yi masa irin ta baƙi. Ranar butar, bayan gida na zagaya na zagi mangwaron nan har na gaji."

Eustace ya ce hawaye na zuba a fuskata, amma fuskar a murtuke take. Sai kuma na ɗago na ce, "Ya ce mini tsohuwar banza? Ni? Ɗan Zilpha?" Wai har da 'yar dariya. "To ku shaida, Barnabas. Shi ya roƙa da bakinsa. Rantsuwa ta sauka."

Ta juyo da ni kamar mai neman wani, ta ce, "Ke Adina, ruwan da aka wanke tukunya. Ki riƙa sa gishiri." Daga nan na ji ni a tsaye a gindin mangwaro, rana na dukana, Eustace na riƙe da hannuna.

Abu ɗaya ne ban so ba. Muna tsaye muka ji tsakin a bakin shinge. Sai karen gidan Ethlyn ya yi haushi, sai na gidan da ke ƙasa da su, sai na gaba, gida bayan gida har gangaren da ke bi zuwa bakin teku. Dikin ya ce kada in damu, tun kakanni an san matattu ba sa ƙetare ruwa. Na yarda. Amma Uriah, tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, kai kuma ka ja da yawa. Ka rubuto da wuri in ji lafiyarka.

An sa auren bayan Ista. Eustace ya sake auna gadon, ya ce ashe da gaskiyarta, ƙafa ɗaya ta fi sauran gajarta.

Yayarka,
Adina


Hull
Maris, 1959

Yaya Adina,

Na yi murna ƙwarai. Ki gaishe da angon, ki ce na gode da aron baki. Ina lafiya, murar ma ta yi sauƙi, za ki ji dalili.

Na karanta abin da ta faɗa game da mahaifiyata. Ban je kwaleji ba ranar. Ban tuna ƙarƙashin tebur ba, amma jikina ya tuna.

Ki gaya wa Dikin ya sake bincika maganar ruwa. Ranar Asabar da tsakar rana na ga 'yar rana ta leƙo, na ce bari in fita haka da 'yar shara, kanti ba nisa. Gidan ba kowa, matar da nake haya a wurinta ta tafi kasuwa. Na kama ƙofa ke nan, kyanwar gidan da ke kwance a kan matakala ta tashi ta matsa gefe. Sai na ji tsakin a bayana, dogo, har da wutsiyar.

"Kai shashasha! Da wannan ƙirjin naka kamar na ɗan tsako za ka fita tsirara? Karatun banza, an san asalin kalma ba a san sanyi ba. Koma ka ɗauko rigarka, wawa kawai!"

Gashin jikina duk ya tashi. Na zauna a kan matakalar ina kuka kamar ɗan shekara shida, ina kuma dariya. Ta ce in tashi, namiji ba ya zama a hanya.

Yaya, kada ki gaya wa fasto, kada kuma a yi wani abu a kai. Ku bar mini ita. Na koma na ɗauko rigar.

Ƙanenki,
Uriah